Alƙali ya ƙi ba da sakin talala: ina iyali za su nufa daga nan?



A cikin saƙonnin murya da ke shigo mana ta WhatsApp akwai wata tambaya da ba ta daɗewa ba ta dawo ba. Uwa ce, ko mata, ko yaya da ke ci-rani a Libiya. An kama musu mutum kan zargi mai nauyi, an kai shi gidan kaso, an nemi alƙali ya sake shi kafin shari'a, alƙali ya ce a'a. Sai su ce: to shi ke nan, sai ranar da aka yanke hukunci? Amsa a taƙaice ita ce ba shi ke nan ba. Doka ta bar ƙofa, har ma fiye da ɗaya. Amma ƙofar tana da lokacin rufewa, kuma mafi yawan iyalai sai ta rufe sannan suke jin labarinta.

Mu fara da gyara wata kalma. Da yawanmu mun saba jin "beli" a labaran Najeriya, inda tun a hannun 'yan sanda wani zai iya tsaya wa mutum a sake shi. Tsarin Nijar daban ne, domin daga na Faransa aka gaje shi. A nan, in jandarma ko 'yan sanda sun kama mutum, suna riƙe shi awa 48, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati, wanda muka fi sani da parkire. In zargin ta'addanci ne, kwanakin sun fi haka nesa ba kusa ba. Daga nan sai a gabatar da shi gaban parkire. In laifin babba ne, irin su kisan kai, fashi da makami, fyaɗe ko cin amanar ƙasa, dole ne a miƙa maganar ga alƙali mai bincike. Shi wannan alƙali ba ya yanke hukunci. Aikinsa tattara hujja ne, wadda ke kama mutum da wadda ke wanke shi, kuma shi ke sa hannu a takardar da ke kai mutum gidan kaso ya jira. Abin da muke kira sakin talala, wanda takardun kotu ke rubutawa liberté provisoire da Faransanci, shi ne a bar mutum ya koma gida yana jiran shari'a, igiyar na hannun kotu. Ba wanke shi aka yi ba. Shi ma wanda ke cikin kaso yana jira, ba a same shi da laifi ba tukuna, ko da unguwa ta riga ta yanke masa nata hukunci.

Don a ga yadda abin ke tafiya a zahiri, bari in koma da ku wata shari'a da ta taso daga wannan yanki namu, wadda manyanmu ba su manta ba.

A watan Fabrairun 2007 ƙungiyar 'yan tawayen MNJ ta kai hari Iferwan. A watan Afrilu ta kai wani a sansanin kamfanin Areva da ke nan Imuraren, lokacin ana cikin aikin binciken yuraniyom. Kafin ƙarshen Agusta shugaba Tandja Mamadou ya sa jihar Agadas cikin dokar zaman shiri. A wannan yanayi ne, ranar 20 ga Satumbar 2007, aka kama Moussa Kaka, shugaban Radiyo Sarauniya a Yamai kuma wakilin RFI. Zargin da aka yi masa shi ne haɗa baki wajen yi wa ikon ƙasa zagon ƙasa, laifin da hukuncinsa ke iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Hujjar gwamnati ita ce maganganun da aka naɗa na wayar da ya yi da jagoran 'yan tawayen, Aghali Alambo. Shi kuwa ya ce aikinsa na jarida yake yi.

Ku bi ni a hankali, don a nan darasin yake. A watan Nuwamba alƙali mai bincike ya ce an naɗi maganganun nan ba bisa ƙa'ida ba, a fitar da su daga cikin takardun shari'a. Parkire ya ɗaukaka ƙara. Ranar 12 ga Fabrairun 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta rushe matakin alƙalin, ta kuma ƙi sakin Moussa Kaka. Lauyoyinsa suka haura Kotun Ƙoli, ita ma ranar 15 ga Mayu ta yi watsi da buƙatarsu. Wani zai ce ai an kai ƙarshen hanya, tunda babu kotun da ta fi wannan. Amma sai lauyoyin suka dawo ƙasa, suka sake neman sakin talala daga alƙali mai bincike, kuma ranar 23 ga Yuni ya amince. Murna ba ta je ko'ina ba, parkire ya ɗaukaka ƙara nan take, mutumin bai ko taka ƙofar gidan kaso ba. Ranar 23 ga Yuli alƙalin ya ce ma babu isasshiyar hujjar da za a gurfanar da shi. Parkire ya sake ɗaukaka ƙara, ya ci gaba da zama. A watan Agusta kotun ɗaukaka ƙara ta sake hana sakin. Sai ranar 7 ga Oktoban 2008 wannan kotu dai ta sauya zargin daga babban laifi zuwa wanda bai kai shi ba, ta ba da sakin talala. Kwana 384 ke nan a tsare.

Abu na farko da ya kamata iyali su riƙe daga wannan labari: ƙin da aka yi yau ba ya hana a sake nema gobe. Doka ta ce wanda ake tsare da shi, ko lauyansa, yana iya neman sakin talala a kowane lokaci. Abu na biyu ya fi ɗaci. Ba wanda ake zargi kaɗai ke da damar ɗaukaka ƙara ba, parkire ma yana da ita, kuma in ya ɗaukaka, mutum yana nan zaune a kaso har kotun sama ta yi magana. Don haka in lauya ya buga waya ya ce alƙali ya sa hannu, kada a yi gaggawar yanka akuya. A fara tambayarsa ko parkire ya ɗaukaka ƙara.

A wannan lokaci dai, a nan gida, an tsare Ibrahim Manzo Diallo, shugaban jaridar Aïr Info ta Agadas. An kama shi a filin jirgin Yamai a watan Oktoban 2007, aka maido shi gidan kason Agadas. Kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram ce ta ba shi sakin talala ranar 6 ga Fabrairun 2008, bayan kusan wata huɗu. Mutum na kulle a Agadas, makomarsa na hannun alƙalan da ke zaune a Damagaram, ɗaruruwan kilomita daga gare shi. Wannan nisa shi ne ciwon mutanen arewa har yau, kuma zan dawo kansa.

Yadda ake ɗaukaka ƙarar

In an nemi sakin talala, alƙali mai bincike yana miƙa takardar ga parkire ya faɗi ra'ayinsa, ana kuma sanar da wanda aka cuta ko iyalinsa in sun shiga shari'ar, su ma su faɗi nasu. Daga nan alƙali ya yanke, a rubuce, tare da dalilansa. Wannan takarda ta ƙi, ita ce jarin ku. A nemi kwafinta, a samu wanda ya iya Faransanci ya karanta wa iyali ita layi-layi, domin abin da aka rubuta a ciki shi za a je a warware a sama.

Lokacin ɗaukaka ƙara 'yan kwanaki ne kaɗan, kuma suna fara ƙirguwa daga ranar da aka sanar da wanda ke tsare, ba daga ranar da labari ya iso ruga ba. A nan ake yawan faɗuwa. Kafin a tara dangi, a buga wa wan da ke Aljeriya, a jira kuɗi su iso, kwanakin sun wuce. Alhali ɗaukaka ƙarar kanta ba ta jiran lauya. Ana bayyana ta a ofishin magatakardar kotu, kuma wanda ke cikin kaso yana iya bayyana tasa ta hannun mai kula da gidan kason, a rubuta a rajista, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In kun je kai abinci, wannan ce maganar farko da za ku gaya masa: in an kawo maka takardar ƙi, ka ce ka ɗaukaka, ranar nan, a rubuta. Sauran shiri ya biyo baya.

Takardun sai su tafi kotun ɗaukaka ƙara, wurin wani zauren alƙalai uku da ke duba aikin alƙalan bincike, wanda takardu ke kira chambre d'accusation. Zamansu ba irin na bainar jama'a ba ne da ake cika ɗaki ana kallo. Galibi takardu suke dubawa, da abin da lauya ya rubuto, da abin da babban parkire ya ce. Ma'ana kuka da roƙo a ƙofar kotu ba sa shiga cikin fayil. Abin da aka rubuta aka haɗa da shaida, shi ke shiga. In su ma sun ƙi, akwai kotun ƙarshe a Yamai, wadda tun bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023 ake kira Kotun Ƙasa, Cour d'État. Sai dai ita ba ta sake auna ko mutum ya cancanci saki, tana duba ne kawai ko an bi doka. A ganina, ga talaka mai ɗan abin hannu, sau da yawa ya fi amfani a gyara takardu a sake nema a ƙasa da a zuba kuɗi a wannan doguwar hanya. Amma wannan shawara ce da za a yanke tare da lauya, bisa abin da ke cikin fayil.

In kuwa zargin ya shafi ta'addanci, lissafin ya canja. Irin waɗannan shari'o'i ba sa zama a kotun Arlit ko ta Agadas, ana kai su sashen shari'a na musamman da ke Yamai, kuma can ake ɗaukaka ƙararsu. Iyali su shirya wa tafiyar fiye da kilomita dubu.

Abin da alƙalai ke son gani

Kuskuren da na fi ji a bakin mutane shi ne su cika takardar neman saki da "wallahi bai aikata ba". Wannan magana ta ranar shari'a ce. A wurin neman sakin talala tambayoyin alƙali daban ne. In na sake shi, zai dawo in na kira shi? Zai je ya tsorata shaidu, ko ya haɗa baki da waɗanda ba a kama ba tukuna? Zai sake aikatawa? In ya koma gari, hankalin jama'a zai tashi, ko shi kansa ransa na cikin haɗari daga dangin wanda aka cuta?

Tambayar farko ita ke kashe mutanenmu. Yaro mai haƙar zinariya a Cibarakaten, direban da rabin shekararsa a kan hanyar Asamaka take, makiyayin da ke bin ruwa da ciyawa, duk a idon takarda mutane ne marasa adireshi, ga iyaka kuma kusa. Ba laifinsu ba ne, haka rayuwar arewa take, amma alƙalin da ke nesa abin da ke gabansa yake karantawa. Don haka sai a gina masa adireshi a takarda: takardar shaidar zama daga ma'aikatar magajin gari, katin ɗan ƙasa, takardar aure da ta haihuwar yara, takardar aiki in yana da ita, ko ta ƙungiyar direbobi ko ta 'yan kasuwa. A samu gida sananne a garin da kotun take, wanda za a rubuta a matsayin inda za a riƙa aika masa sammaci, domin doka ma tana neman haka kafin a sake shi. Wasiƙar hakimi ko mai unguwa da ke cewa ya san mutumin da gidansu tana ƙara nauyi, ko da ba ta ɗaure hannun alƙali.

Sai kuma abin da ya sauya tun daga ƙin farko. In alƙali ya ce ya ƙi ne don ba a saurari shaidu ba, to yanzu an saurare su? In ya ce ba a yi masa tambayoyi kan gundarin zargin ba, yanzu an yi? Takardar da ta maimaita abin da aka riga aka ƙi, amsar da aka riga aka bayar za ta samu. Rashin lafiya ma dalili ne, amma da takardar likita, ba da baki ba. Hama Amadou, wanda aka tsare a Filinge tun Nuwambar 2015, an hana shi sakin talala har ya yi takarar shugaban ƙasa daga cikin kaso. A watan Maris na 2016 aka fitar da shi Faransa neman magani, kuma kafin watan ya ƙare kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta ba shi sakin. Na sani, wani zai ce ai shi babba ne. Gaskiya ne. Amma dokar da lauyoyinsa suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa da ita, ita ce dai ke rubuce don kowa.

Maganar sulhu kuma. Dattawa kan zauna, dangin wanda aka cuta su yafe, wani lokaci har a biya diyya. Wannan abu ne mai kyau, kuma in an rubuta shi aka kai wa alƙali yana rage tsoron tashin hankali a gari. Sai dai kada a ruɗi kai: a babban laifi, yafewar iyali ba ta kashe shari'a, domin gwamnati ce ke ƙara, ba su ba.

Kuɗi, da masu cin kuɗi

Alƙali yana iya ba da sakin talala ba tare da ko dala ba, yana kuma iya gindaya kuɗin ajiya. A watan Janairun 2008, 'yan jarida biyu Faransawa da aka kama bayan sun je ɗaukar hoton 'yan tawaye a cikin Ayar, an sake su kan sefa miliyan 10 kowanne, direbansu ɗan ƙasa kuwa sai daga baya ya fito. Wannan kuɗi ba tara ba ne, ba kuma na aljihun alƙali ba ne. Ajiya ce, wani kaso na tabbatar da cewa mutum zai dawo, wani kaso na abin da kotu za ta iya ɗora masa. In ya halarci duk kiran da aka yi masa kuma aka wanke shi, ana maido da ita. Ana biya ne a hukumance, a karɓi resi, a adana shi kamar takardar gida.

Ku 'yan'uwa na waje, da ku nake wannan. Ku ne ake bugo wa waya da tsakar dare a ce wani ya san wani da ya san alƙali, a turo jika ɗari biyar kafin Juma'a. Kafin ku tura ko tamma, ku ce a ɗauko muku hoton takardar alƙali da ta faɗi adadin. In babu takarda, babu kuɗin ajiya, dillali ne kawai ya samu kasuwa. Kuma in abin ya tonu, mai bayarwa ma ya shiga laifin cin hanci, a wayi gari gida ɗaya na da mutum biyu a kaso.

Lauyoyi kuwa, kusan dukansu a Yamai suke zaune, kuma kawo ɗaya Arlit, ga kuɗin mota ga masauki ga halin da hanyar yuraniyom ke ciki, ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, wadda aka kafa da dokar Disambar 2011, tana da rassa a manyan kotunan jihohi. Inda babu lauya, akwai masu kariya da kotu ke naɗawa. Yaro ƙarami da wanda ake zargi da babban laifi suna cikin waɗanda doka ta ce a ba su mai kariya.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata kowane gida ya rubuta a bango, wato ranar da aka sa hannu a takardar kai mutum kaso. Tun gyaran da aka yi wa dokar shari'ar laifuka a 2003, zaman jira yana da iyaka. A matsakaicin laifi wata 6 ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya. A babban laifi wata 18 ne, alƙali na iya ƙara 12, jimla wata 30. A zargin ta'addanci yana kaiwa shekara 4. Akwai laifukan da doka ta keɓe, irin su kisan kai, waɗanda wannan iyaka ba ta hau kansu ba, shi ya sa dole a san takamaiman sunan laifin da aka rubuta a takarda, ba wanda ake faɗa a gari ba. In wa'adin ya cika ba a sabunta ba, ba a kuma gurfanar da mutum ba, to maganar ta tashi daga roƙo ta koma haƙƙi. Amma fayil ba ya tashi da kansa daga cikin kabad. Sai wani ya rubuta wa alƙali mai bincike da parkire, ya ambaci ranar, ya ajiye kwafi mai hatimin kotu, in shiru ya yi yawa ya kai maganar gaban zauren alƙalai ukun nan na kotun ɗaukaka ƙara.

Wanda Allah ya sa ya samu sakin kuma, ya san ya sa hannu a kan alkawari: duk kiran kotu zai amsa, in zai bar gari zai sanar da alƙali. Tafiya Janet ko wurin zinariya ba tare da izini ba, ko tsallake sammaci ɗaya, ya isa a sake sa hannu a takardar kama shi, kuma neman saki na biyu bayan haka ya fi na farko wuya sosai. In an canja lambar waya ko an tashi daga gidan da aka rubuta, a je ofishin magatakarda a gyara tun kafin sammaci ya fito.